Yarinyar da Ta Daidaita Ƙafafun Fitila

Ku matso nan, yara, ku gyara zama. Labarin yau ba na dabbobin daji ba ne. Na wata yarinya ne da ƙaninta, da wani takobi wanda ko zare ba ya yankawa.

A gidansu ana kiran yarinyar nan Tsaf-tsaf, kuma ta ci sunanta. Idan ta ga takalma a bakin ƙofa, sai ta jera su kai ɗaya. Idan fensirinta ɗaya ya fi ɗaya tsawo, sai ta yi ta feƙe dogon har ya zo daidai da gajeren.

Mamanta takan ce, "Ke dai da kina da iko, da haƙoran gidan nan ma kin goge su sun zama tsawo ɗaya."

Tana da ƙane, Auta. Yaro ne mai daɗin murya, amma yana da tsoron duhu. Da zarar an ɗauke wuta, sai ka same shi ya riƙe zanin Mama da hannu biyu.

Wata rana malamar da ke shirya wasan kwaikwayo a makarantarsu ta zaɓi Auta. Zai fito a matsayin ƙaramin mai gadin ƙofar gari.

Malama ta ce masa, "A ƙarshen wasan za mu saki baƙaƙen labule, mu kashe fitilu. Kowa zai gudu. Kai kaɗai za ka tsaya a kan dandamali. Sai ka ɗaga takobi ka ce: Ina nan, ban gudu ba."

Auta ya zaro ido. "Malama, a duhu?"

"A duhu."

"Ni kaɗai?"

"Kai kaɗai."

Auta ya girgiza kai, ya ja da baya. Tsaf-tsaf tana gefe tana ninke kayan wasa. Sai ta ce, "Malama, in takobin yana da haske fa? Babanmu mai gyaran rediyo ne. Zan haɗa masa takobi mai wuta a ciki."

Auta ya juyo ya dube ta. "Yaya, zai kama da gaske?"

"Zai kama."

"Ba zai mutu ba?"

"Ba zai mutu ba. Na yi maka alkawari."

Da wannan alkawari Auta ya yarda.

Bayan an tashi, suka wuce shagon Baba. Ɗan shago ne, cike da tsofaffin rediyo da fankoki marasa kai. Kullum yana warin dalma. Baba ya taso yana ɗingishi, domin tun yana saurayi ya faɗi a babur, ƙafarsa ɗaya ta ɗan gajarce.

Da ya ji abin da suke so, sai ya yi murmushi. Ya ɗauko wani dogon bututun roba wanda ake ganin cikinsa. Ya ce, "Ga jikin takobi." Ya ɗauko guntun faif na ruwa. Ya ce, "Ga mariƙi. A cikinsa batura za su kwanta."

Sannan ya jawo aljihun tebur. Ƙananan ƙwayayen fitila ne a ciki, kowane bai fi ƙwayar wake ba, kowane da 'yan ƙafafu biyu na ƙarfe.

"Wace kala, mai gadi?"

"Ja," in ji Auta. "Kamar garwashi."

Baba ya tsince jajayen, ya zuba wa Tsaf-tsaf a tafin hannu. "Ki kula da su. Su ke nan jajayen da suka rage min."

Ya ba ta batura uku, da makunni, da waya ja da baƙa, da salatif. Daga ƙarshe ya ba ta wasu 'yan abubuwa kamar ƙwayar shinkafa, masu zane-zanen kala a jiki.

"Waɗannan fa, Baba?"

"Sunansu resista. Kowane ƙwai da nasa. Kin ga yadda ake ba jariri ruwa? Ba a kafa masa bokiti a baki, da cokali ake ba shi. To batir bokiti ne, resista cokali. Aikinsa rage ƙarfin wuta."

Ya nuna mata yadda ake murɗe waya da waya. Ya ɗaga ƙwai ɗaya, ya ce, "Sai kuma maganar ƙafafun nan. Wannan ita ce babbar magana."

Bai ƙarasa ba wayarsa ta yi ƙara. Ana neman sa a wani gari, ya gyara fitilun wani ɗakin shan magani. Ya hau haɗa jakar aiki da sauri.

"Ki yi wa mariƙin fenti kawai. Kada ki haɗa komai. Idan na dawo nan da kwana uku, ki tuna min maganar ƙafafu."

Washegari Malama ta ce, "Gobe za mu yi gwaji da duk kayan wasa. Kowa ya zo da nasa."

Da yamma Tsaf-tsaf ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida, ta jera kayan nan layi-layi. Mama tana wanki, ta ɗago kai.

"Ba Babanku ya ce ki jira shi ba?"

"Mama, gobe ne gwaji."

"To ga wayata, kira shi ki tambaye shi."

"Ai na gane komai, Mama. Murɗe waya ne kawai."

Ta ɗauki ƙwai ɗaya ta duba, sai ta ɓata fuska. Ƙafa ɗaya doguwa, ɗaya gajera. Ta ɗauki wani. Shi ma haka. Ta duba su duka, babu wanda ƙafafunsa suka zo daidai.

Ta yi tsaki. "Masu yin kayan nan ba su iya aiki ba. Ashe maganar da Baba zai faɗa min ke nan."

Ta shiga ɗaki ta ɗauko abin yankan farce. Ƙyas. Ƙyas. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana datse doguwar ƙafar. Da ta gama ta jera su. Duk sun zama tsawo ɗaya, gwanin kyau. Ranta ya yi fari.

Ta samu siririn kara, ta miƙar da jar waya a gefe ɗaya, baƙa a ɗaya gefen. Ta ɗaura kowane ƙwai da resistansa, ta murɗe, ta naɗe da salatif. Ta sa batura. Ta danna makunni.

Sai ta zuba wa ƙwayayen ido.

Na farko ya kama. Na biyu bai kama ba. Na uku ya kama. Na huɗu da na biyar shiru. Takobin ya zama kamar bakin yaro mai giɓi.

 Ta matse wayoyin, ta juya batura, ta sake dannawa. Babu abin da ya canja.

Ta yi tagumi. Can sai ta tuna maganar Baba: aikinsa rage ƙarfin wuta.

"Ashe kai ne ɓarawon," ta ce wa resista. "Wutar ce ba ta isa ba, kana ta shanye ta."

Ta warware salatif, ta cire resistocin nan kakaf, ta zuba su a kwalin ashana. Ta haɗa ƙwayayen kai tsaye da waya. Ta danna.

Waɗanda ba su kama ba dai ba su kama ba. Amma sauran suka yi wani irin haske har sai da ta kare ido. Ta yi maza ta kashe don kada batir ya ƙare. Ta naɗe karan da farar takarda, ta zura shi cikin bututu. Ta sake kunnawa na ɗan ƙiftawar ido. Hasken ya cika bututun, giɓin ya ɓuya.

Auta ya yi tsalle. "Yaya, kin fi Baba."

"Kada dai ka faɗa masa," in ji ta, tana dariya.

Ranar gwaji, yara suka cika babban ɗakin taro. Wasa ya yi ta tafiya daidai har aka zo ƙarshe. Aka saki labule. Aka kashe fitilu. Ɗakin ya yi baƙi ƙirin. Yaran da ke kan dandamali suka gudu kamar yadda aka koya musu.

Auta ya danna makunni.

Takobin ya kama, ja wur, kamar ƙarfe a wutar maƙeri. Yara suka ja numfashi. Malama da kanta ta dafe ƙirji. Auta ya ɗaga shi sama, fuskarsa duk ta yi ja da haske. Ya buɗe baki.

"Ina nan, ban..."

Sai aka ji wata 'yar ƙara, tas. Tsinin takobin ya mutu. Tas. Tsakiya ta mutu. Sauran ya yi ta dusashewa, ya koma kamar toka, ya ɓace.

Duhu ya rufe komai. Warin ƙonanniyar roba ya tashi.

Babu wanda ya yi motsi.  Sai aka ji takobin ya faɗi ƙasa, aka ji wata 'yar murya tana rawa.

"Yaya."

Malama ta fizge labule. Haske ya shigo. Ga Auta nan tsaye a inda yake, ya ƙame kamar an dasa shi. Idonsa a buɗe, hawaye suna zuba, amma ko kuka ya kasa yi.

Malama ta hau dandamali da gudu. Ta kama hannuwansa ta juya su ta duba. Bai ƙone ba. Ta ɗauki takobin, ta zazzage baturan. Sun yi ɗumi.

Wani yaro daga baya ya ce, "Takobi ya gudu ya bar mai gadi." Mutum biyu suka fara dariya. Malama ta juyo ta dube su, dariyar ta maƙale.

Tsaf-tsaf ta matso. Auta ya dube ta.

"Kin ce ba zai mutu ba."



Malama ta tambaye ta a hankali, "Babanku ne ya haɗa wannan?"

Tsaf-tsaf ta dubi takobin. Da ta ce e, da shi ke nan, babu mai ƙara tambayar ta. Amma ta tuna Baba yana tsince mata jajayen ƙwayayensa na ƙarshe.

"A'a, Malama. Ya ce in jira shi. Ni ce ban jira ba."

Malama ta daɗe tana kallon ta. "Ke kaɗai kika yi wasa da wuta, kika miƙa wa ƙaninki a hannu?"

Tsaf-tsaf ta sunkuyar da kai.

"Na gode da kika faɗi gaskiya. Amma wasa jibi ne. Idan Auta ba zai iya ba, dole in ba wani yaro."

Auta ya share hanci da hannun riga. "A ba wani. Ni ba zan yi ba."

A gida, da Mama ta ji labari, sai kwanon da ke hannunta ya suɓuce. Ta jawo Auta ta duba hannuwansa ita ma, gaba da baya. Ba ta yi faɗa ba. Cewa kawai ta yi, "Na miƙa miki waya, kika ce kin gane komai."

Wannan ya fi bulala zafi. Auta kuwa ya ɗauke kujerarsa daga kusa da tata, ya koma bayan Mama.

Washegari da rana Baba ya dawo. Tsaf-tsaf ta same shi a shago, ta ajiye takobin a kan tebur tare da kwalin ashana. Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Auta ya biyo ta, amma ya tsaya a bakin ƙofa.

Baba ya zaro karan, ya warware takarda da salatif. Ya dubi ƙwayayen. Ya cire tabarau, ya goge, ya mayar, ya sake dubawa.

"Wa ya yi musu aski?"

"Ni ce, Baba. Ƙafafun ne ba su zo daidai ba."

"Duka kika datse?"

"Duka."

Baba ya zauna a hankali. Ya dubi gajeriyar ƙafarsa, ya dubi 'yarsa. "To na gode wa Allah da ba ki same ni ina barci ba."

Daga bakin ƙofa aka ji wata 'yar dariya ta kufce wa Auta. Ya yi maza ya toshe baki.

Baba ya ɗauko wani koren ƙwai sabo daga aljihun tebur. "Duba nan. Ba kuskure suka yi ba, da gangan suka yi shi haka. Ƙwan nan ƙofa ɗaya gare shi ta shiga, ɗaya ta fita. Doguwar ƙafa ta jar waya ce, gajera ta baƙa. Idan kika juya shi, wuta za ta zo ta tarar da ƙofa a rufe. Tsawon ƙafar nan magana ce suke yi miki. Ke kuma kin yanke musu harshe."

"Shi ya sa wasu ba su kama ba?"

"Shi ya sa. Ba ƙarancin wuta ba ne, a juye kika sa su. Da kika cire resista kuma, sai kika kafa wa sauran bokiti a baki."

Ya nuna mata su. Cikinsu ya yi baƙi. "Waɗannan sun tafi, ba sa dawowa. Kuma ki ji da kyau. Yau ƙwai ya ƙone. Wata rana waya ce za ta yi zafi a hannun yaro."

Hawaye ya zubo mata. "Baba, shi ke nan na kashe su duka."

"Duka? Sake dubawa."

Ta matso. A tsakanin baƙaƙen akwai wasu da cikinsu yake garau, jajaye kamar ranar da aka ba ta su.

Ta buɗe baki. "Waɗanda ba su kama ba ne."

"Su ne. Ƙofarsu a rufe take, bokitin bai same su ba. Kuskurenki na farko ya ɓoye su daga kuskurenki na biyu. Kada dai ki saba, ba kullum ake samun irin wannan sa'a ba."

"To ta yaya zan gane ƙafafun yanzu, tunda na datse?"

"Yawwa. Tambayar da nake jira ke nan tun ranar da na tafi."

Ya nuna mata gindin ƙwan. A zagaye yake, amma gefe ɗaya an ɗan shafe shi. "Ƙafar da ke wajen nan ita ce gajera." Sannan ya ba ta ɗan batir mai kama da maɓallin riga. "Wannan ba shi da ƙarfin ƙona su. Matse shi tsakanin ƙafafun. In bai kama ba, ki juya."

Ta matse. Shiru. Ta juya. Sai ɗan jan haske ya bayyana tsakanin yatsunta.

Haka ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Duk wanda ta gane, sai ta ɗiga jan fenti a ƙafarsa ta jar waya. Ta buɗe kwalin ashana, ta mayar wa kowane ƙwai resistansa. Kafin ta murɗe kowace waya sai ta ce, "Baba, haka ne?" Shi kuma ya bi da dalma yana liƙewa.

Ƙwayayen sun ragu, saboda haka suka ba su tazara. Da ta danna makunni, duk suka kama, daga mariƙi har tsini. Hasken bai kai na jiya ba. Ja ne mai laushi, kamar garwashin da ya kwanta.

Ta juya wajen ƙofa. "Auta, ba zan ƙara ce maka na yi alkawari ba. Ka yafe min. Zan bar shi a kunne, ka gani da idonka."

Ta ajiye takobin a kan tebur. Auta ya ci gaba da leƙe daga bakin ƙofa.

Baba ya gyara wata fanka. Takobi na ci. Wata mata ta kawo rediyo, ta yi ta hira, ta tafi. Takobi na ci. Inuwa ta tsallaka titi. Takobi na nan yana ci.

Auta ya shigo a hankali. Ya taɓa bututun da yatsa ɗaya, ya janye. Ya sake taɓawa.

"Babu zafi," in ji shi.

A bayan shagon akwai ɗan ɗakin ajiya marar taga. Auta ya ɗauki takobin, ya dubi ƙofar ɗakin, ya dubi yayarsa. "Zo mu shiga tare."

Suka shiga, ta ja ƙofa. Jan hasken ya haska tsofaffin kwalaye da fuskokinsu biyu.  Tana jin numfashinsa yana sauka a hankali.

Can ya ce, "Yaya, fita ki rufe."

Ta dube shi da mamaki. "Ka tabbata?"

"Fita mana."

Ta fita, ta rufe. Ita da Baba suka tsaya suna kallon juna. Sai suka ji murya daga ciki, siririya amma ba ta rawa.

"Ina nan, ban gudu ba."

Ranar wasa, ɗakin taro ya cika da iyaye. Aka saki labule, aka kashe fitilu. A cikin duhun nan sai wani jan haske ya miƙe sama. Bai ƙifta ba, bai dusashe ba. Auta ya faɗi maganarsa har ƙarshe, na kujerar baya ma sun ji. Tafi ya cika ɗakin. Yaron nan da ya yi ba'a shi ya fi kowa tafi.

Da aka fito, Malama ta dafa kan Tsaf-tsaf. "Wa ya haɗa wannan kuma?"

"Ni da Baba, Malama. Ni ina tambaya, shi yana amsawa."

A hanyar gida Auta ya riƙe takobi da hannu ɗaya, ya riƙe hannun yayarsa da ɗayan. Baba na biye da su yana ɗingishinsa, Mama na yi masa tsiya cewa ya riƙa kwana da takalmi, kada Tsaf-tsaf ta datse masa doguwar ƙafa.

To yara, kun ji. Ba duk abin da ya yi muku kama da kuskure ne kuskure ba. Wani da dalili aka yi shi haka. Idan ba ku gane abu ba, ku tambaya kafin ku gyara shi. Idan babba ya ce ku jira, ku jira, musamman a kan abin da ya shafi wuta.

Tsaf-tsaf har yau tana jera takalma a bakin ƙofa. Amma idan ta ga abu ɗaya dogo, ɗaya gajere, sai ta ajiye abin yankan farce, ta ce, "Baba, me ya sa?"

Nan labarin ya tsaya. Ku tashi ku miƙe ƙafa, doguwa da gajera.